Injin Shiƙa da Tallan Gwanjo: Tarihin da Ke Kwance a Shafin Talla

Maƙalar wannan mako za ta kai mu nesa da gida, zuwa Kudancin Ostireliya a lokacin da yankin ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, daga 1836 zuwa 1901. Abin da za mu duba shi ne shafin da yawancinmu kan tsallake idan muka ɗauki jarida, wato shafin talla. A jaridun wancan zamani talla ne ke cika shafin farko, labarai kuwa sai an buɗa ciki. Ko jaridar The Times ta Landan ba ta bar wannan tsari ba sai a 1966. A jaridun Adelaide, babban birnin yankin, akwai talla iri biyu da mai karatu zai yi ta cin karo da su: na masu kanti da ke shelar sun karya farashi, da na maƙeran da ke sayar wa manoma injin shiƙar alkama. Wanda ya haɗa su ya karanta zai ga yadda aka yi arziki a ƙasar, da yadda aka tafka asara, da kuma waɗanda aka cire daga labarin baki ɗaya.

Mu fara da abin da ya jawo injin. A ranar 28 ga Disamba 1836 Turawan Ingila suka yi shelar kafa mulkinsu a Kudancin Ostireliya. Saɓanin Sydney, nan ba a kawo fursunoni su yi aikin tilas ba. Tsarin shi ne a sayar wa masu kuɗi fili, a ɗauki kuɗin a yi jigilar 'yan ƙwadago daga Ingila. Saboda haka ɗan ƙwadago ya yi tsada, kuma da ya tara ɗan abin hannu sai ya nemi gonar kansa. A 1841 baitulmalin yankin ya bushe. Sabon gwamna, George Grey, ya datse ayyukan gwamnati, mutane suka bar gari suka koma noma. Kafin 1843 alkamar da aka shuka ta fi ƙarfin hannayen da za su girbe ta. Girbi a can yana faɗowa ne a Disamba da Janairu, tsakiyar zafinsu, kuma alkama idan ta bushe ƙayau aka yi jinkiri, zuba take yi a ƙasa.

A watan Satumba na 1843 wani kwamiti a Adelaide ya sa kyautar fam 40 ga duk wanda ya kawo fasalin injin girbi. John Ridley, mai injin niƙan fulawa a unguwar Hindmarsh, bai shiga gasar ba, amma a ƙarshen shekarar ya fito da injin da ya yi aiki. Dawakai ke tura shi. A gabansa akwai haƙoran ƙarfe kamar matsefi da ke kamo zangarniya, sai wasu filafilai masu juyawa su buge ƙwayar ta faɗa cikin akwati, karan kuma a bar shi tsaye a gona. Girbi da sussuka sun haɗu wuri guda ke nan. Wani manomi mai suna John Wrathall Bull ya daɗe yana cewa tunanin nasa ne. Ridley dai bai yi wa injin rajistar mallaka ba, don haka duk maƙerin da ya ga zai iya sai ya ƙera nasa ya kai talla jarida.

Sai dai abin da ke fitowa daga akwatin nan alkama ce cakuɗe da ƙaiƙayi da guntayen kara da ƙura. Duk wanda ya taɓa ganin mata a masussuka sun ɗaga ƙwarya suna jiran iska ta taso, ya san shiƙa aiki ne mai cin rai da lokaci. Manomin da injinsa ke tara masa tsibi kan tsibi a yini guda ba zai zauna jiran iska ba. A nan injin shiƙa ya samu kasuwa. Akwati ne na katako mai tsayuwa da ƙafafu. A samansa akwai mazurari da ake zuba hatsi da shebur, a cikinsa akwai fanka da rariyoyin waya. Mutum ɗaya na juya mariƙi, fankar na hura ƙaiƙayi ta baya, rariyoyin na girgiza suna ware tsakuwa da 'ya'yan ciyawa da ƙwayar da ba ta yi kwari ba, tsabar alkama na gangarowa gaba. Wani na zubawa, wani na cika buhu yana ɗinkewa. Buhunan algarara ne da ake kawowa daga Kalkata ta Indiya.

Dabarar ba a Ostireliya aka ƙirƙiro ta ba. Mutanen Sin sun yi amfani da fankar shiƙa tun zamanin daular Han, kimanin shekara 2000 da suka wuce. James Meikle ya kawo ta Sikotilan daga Holan a 1710, har wasu masu wa'azin coci suka yi ta sukar ta, suna ganin tayar da iska da hannu shisshigi ne ga ikon Ubangiji. A Adelaide kuwa sunan da ya fi fice a wannan sana'a shi ne John Stokes Bagshaw, wanda ya sauka ƙasar a 1838, ya kafa maƙerar da aka sani da Pioneer Works.

Me ya sa manomi zai ci bashi don akwatin katako? Saboda farashi. Da awo ake sayen alkama, kuma mudunsu da suke kira bushel nauyinsa laba 60 ne, kusan kilo 27. Mai niƙa da ɗan kasuwar da zai loda jirgi sukan zura hannu cikin buhu su duba. Idan akwai datti, a rage kuɗi. A ƙarshen shekarun 1880 'yan kasuwar Adelaide suka fara fitar da samfurin alkama na kowace kaka, wanda da shi ake gwada ta kowa. Shi ya sa tallan maƙera ke nanata abubuwa kaɗan: injin na da sauƙin juyawa, yana fitar da hatsi tas, ya ci kyauta a bikin nunin amfanin gona. Abin da mai talla ke ta nanatawa, shi ne abin da ke hana mai saye barci.

Tallan kanti kuma da kalandar manomi yake tafiya. Kaya daga Ingila kan shafe wata uku zuwa huɗu a teku. Idan sabon jirgi ya kusa, mai kanti na son wuri da tsabar kuɗi, sai ya buga cewa ya yi rangwame a kan yadi da takalma da huluna da tukwanen ƙarfe. A ƙauyuka kuwa shekara guda manomi na karɓar shayi da sukari da kayan aiki bashi, ana rubutawa a littafi sai kaka. Ranar da aka sayar da alkama, ranar ce mai kanti da maƙeri da banki ke jira. Da aka gano zinare a Victoria, maƙwabciyarsu, a 1851, dubban mahaƙa suka buƙaci burodi, alkamar Kudancin Ostireliya ta yi daraja, kasuwar kanti da ta maƙera ta buɗe.

Kwaɗayi dai mabuɗin wahala. A 1865 babban mai safiyo na yankin, George Goyder, ya ja layi a taswira yana nuna iyakar inda ruwan sama ke isar noma. Dokar filaye ta 1869 ta ba manoma damar sayen gona a biya sannu a hankali. Aka samu wasu shekaru masu albarkar ruwa, mutane suka matsa wa gwamnati lamba, a 1874 aka buɗe filayen da ke arewa da layin. A lokacin da yawa sun yarda cewa inda duk garma ta shiga, ruwa zai biyo ta. Har gari aka yanka can cikin busasshiyar ƙasa a 1878 aka sa masa suna Farina, kalmar da ke nufin garin fulawa. Da shekarun 1880 suka kama, fari ya sauka. Yau Farina kufai ne.

A nan ne wani talla na uku ke shigowa, wato na gwanjon kayan gona. Ɗan gwanjo zai jera abin da za a sayar: dawakai da kayan ɗaurinsu, garma, amalanke, injin girbi, injin shiƙa, wani lokaci har gado da tebur. Ba kowane gwanjo ne na karaya ba, wani ƙaura zai yi, wani mutuwa ce ta ratsa. Amma injin da aka yi wa kirari a wannan shafi shekarun baya, shi ne ya dawo layi guda cikin jerin kayan da za a buga wa ƙararrawa. Tsakanin tallan farko da na ƙarshe akwai rayuwar iyali guda cur, kuma ɗan gwanjo bai ce uffan a kanta ba.

Akwai shirun da ya fi wannan nauyi. Filin da aka gina Adelaide na mutanen Kaurna ne. Gonakin alkama na arewa sun mamaye ƙasar Ngadjuri da Nukunu, na yankin Yorke kuma ƙasar Narungga. Takardar sarautar Ingila ta Fabrairun 1836 da ta kafa yankin ta ambaci haƙƙin 'yan asalin ƙasar a kan filayen da suke zaune, amma aka yanka filayen aka sayar kamar babu kowa. A cikin ƙasar Ostireliya 'yan asali sun daɗe suna tara ƙwayar ciyawa, mata na bakace ta a akushin katako, su niƙa a dutse su yi abinci. Su ma sun san shiƙa tun kafin jirgin Bature ya iso. Tallan fili zai faɗa maka kadada nawa ne, da rijiya ko babu, mil nawa zuwa tashar jirgi, amma ba zai faɗa maka daga hannun wa aka karɓa ba.

Shi ma injin shiƙa na hannu zamaninsa ya zo ya wuce. A 1885 wani matashi ɗan Victoria, Hugh Victor McKay, ya yi rajistar injin da ke girbi da sussuka da shiƙa a tafiya guda, wanda daga baya ya shahara da sunan Sunshine. Sannu a hankali aikin masu juya mariƙi da masu shebur ya ragu.

To, ina ribarmu mu marubuta? Mai son rubuta ƙagaggen labari na tarihi yakan rasa ƙananan abubuwa: me ake sayarwa, nawa ne, a wane wata kuɗi ke shiga hannun mutane, me suke tsoro. Labarin shafin siyasa ba kasafai yake ba da wannan ba, talla kuwa dole ya faɗa, don ciniki yake nema. Idan ka samu tsohon talla, yi masa tambaya huɗu. Wa ya biya aka buga? Wa ake so ya karanta? Wace damuwa yake tsokana? Wane ne ba a ambata ba? Kuma ka tuna mai haja ba ya kushe hajarsa, don haka kada ka ɗauki kirarin inji a matsayin shaida sai ka gwada shi da wata majiya.

Tsofaffin jaridun Adelaide suna nan kyauta a intanet, a rumbun Trove na Babban Ɗakin Karatu na Ostireliya. Mu ma Ingila ta mulke mu, kuma muna da tamu jaridar ta wancan zamani, Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939. Duk wanda Allah ya ba damar riƙe tsohon kwafinta, kada ya tsaya a kan sharhin edita kawai, ya leƙa ya ga me ake tallatawa da kuma wa ake kira ya saya. Allah ya ƙara mana basira, ya sa wa alƙalumanmu albarka.