Tashe ɗan azumi ne

A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da tashe, saboda ɓata-gari na fakewa da shi su yi ƙwacen waya da faɗan daba. Abin da aka yanke a Kano kuwa ba ya daɗewa bai iso Kazaure ba, har yanzu ana jin masu cewa wasan ragowar maguzanci ne, gara ya mutu.

Wannan magana ba ta da ƙafa. Masu ita kan kawo shigar dodo da shafa gawayi a fuska a matsayin hujja, wasu ma su kai asalin wasan zamanin Bayajidda. To, shagulgulan Maguzawa suna bin damina da kaka ne, shi kuwa tashe watan Ramadan yake bi. Ko azumi ya faɗo cikin hunturu, ko cikin bazara, sai an kai goma ga wata ake fara shi. Tun da Wangarawa suka kawo Musulunci Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, azumi ya zo da buƙatar mai tada mutane sahur, kamar yadda masu ganga ke yi a titunan Alƙahira. Wa ya fi gwauro buƙatar a tashe shi, shi da ba shi da matar da za ta ɗumama masa tuwo? Daga wannan tsokanar ne nake ganin sauran wasannin suka tsiro. Shi ya sa har yau Nalako, sarkin gwagwaren Kano, ke kama gwauro a ɗaura masa igiya a zaga gari da shi.

Lokacin da Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819, ya yanko ƙasarta ne daga Kano da Katsina da Daura, don haka mutanen Roni da Gwiwa, da ke cikinta, sun gaji tashe ta fuska uku. Ga yadda wasan yake. Yaro ya manna gemun auduga, ya ranƙwafa kan sanda, ya zama tsoho. Wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, wani ya hau dokin kara. 'Yan mata su kifa ƙwarya a ruwa suna kaɗawa, ɗaya ta sa rigar maza ta zama Daudu, a nuna yadda miji ke gallaza wa matarsa Mairama. Uwar gida ta yi dariya ta ɗebo musu gero, maigida kuwa ya ji saƙon da ba wanda zai iya faɗa masa ido da ido.

Kiristocin Italiya da Burazil ma suna da bikin rufe fuska, sai dai nasu yana ƙarewa ne ranar Talata, jajibirin azuminsu na kwana 40. Na birnin Benis ya durƙushe bayan Nafoliyon ya ci garin a 1797, bai farfaɗo sosai ba sai 1979. Kusan shekara 200 ke nan, don haka gara a gyara tashe da a bar shi ya mutu.

Kazaure ba ta kai Kano cunkoso ba, mai unguwa ya san ɗan kowa. Hakimai da dagatai za su iya tsayar da lokaci, daga bayan tarawihi zuwa ƙarfe 10, a hana fita da makami, a sa babba ɗaya ya raka kowace ƙungiyar yara.