Wa Ke Koyar da Harbi a Ƙasar Haɗeja?

A hutun Babbar Sallah da na yi a Auyo, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Kawu, dubi wannan.” Bidiyon wata gasa ce ta Amurka. Mutum guda ya rataya bindigogi iri uku: doguwa mai cin dogon zango, da ta farauta mai watsa ƙwayoyin dalma, da ƙarama a ƙugu. Ana danna agogo sai ya zabura, ya harbi faranti da wannan, ya ajiye ta, ya ɗauki waccan, alƙali na biye da shi yana lissafa daƙiƙoƙi da kuskure. Da bidiyon ya ƙare sai yaron ya tambaye ni inda mutum zai je a Jigawa ko Kano a koya masa wannan. Dariya na fara yi. Daga baya na lura tambayar ta girme mu duka, domin sarakunan wannan yanki sun shafe ƙarnoni suna fama da ita.

Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, kuma ta hanyoyin Sahara makamin ya fara iso mana. Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindigogi tun zamanin Sarki Dauda, a farkon ƙarni na 15, tare da wani ɗan sarautar Barno mai suna Dagaci, kodayake masana na ɗaukar wannan ruwaya da taka-tsantsan. Inda ƙafa ta fi samun wurin takawa shi ne Barno ta Mai Idris Alauma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 16. Limaminsa, Ahmad ibn Fartuwa, ya rubuta cewa Mai ya samu Turkawa masu harbi, ya kuma sa aka horar da bayin gidansa har suka gwanance. Abin lura a nan shi ne Mai Idris ya sayo makami, ya kuma kawo malamai. A wancan zamani Auyo da Haɗeja da Garun Gabas da sauran ƙananan masarautun bakin kogin nan suna cikin inuwar Barno, kuma daga baya ta hannun Galadima da ke Nguru ake kula da su. Ke nan ƙarar bindiga ba baƙuwa ba ce a kunnen Auyakawa tun da daɗewa.

Amma jin ƙara daban, iya harbi daban. Tarihin Kano ya nuna sai a zamanin Babba Zaki (1768 zuwa 1776) Sarkin Kano ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa, kusan shekara ɗari biyu bayan Alauma. Me ya kawo wannan jinkiri?

Sai mai karatu ya san irin bindigar da ake magana a kanta. Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a jefa dalma, a danna da tsinke, a zuba ɗan gari a gefe inda ƙanƙara za ta ba da tartsatsi, sannan a ɗana kunama. Sojan Turai da ya sha horo yakan yi harbi biyu zuwa uku a minti guda. Wanda bai saba ba, ga tsoro ga ƙura, da ƙyar ya yi ɗaya. Cikin bututun santsi ne, don haka harsashi na iya baudewa da zarar tazara ta yi nisa. Ɗan baka kuwa, kafin mai bindiga ya gama ɗuri, ya saki kibiya da dama, kowace da dafi a bakinta. A ƙasa irin tamu, wadda kogi ke malalewa kowace damina ya bar fadamu da laka, danshi kaɗai ya isa ya hana albarushi tashi. Bindiga irin wannan ba ta da amfani a fagen fama sai an jera mutane da yawa, sun koyi ɗuri da harbi bisa umarni guda, sahu na harbi sahu na ɗuri. Wannan kuwa aikin watanni ne, kuma kowane gwaji albarushi yake ci, ga shi da tsada.

Akwai kuma batun daraja, wanda a ganina ya fi tsadar albarushi tasiri. Jarumta a idon masu sarauta tana kan doki ne, da takobi da mashi, da sulke ko lifidi. Mai bindiga a ƙasa yake tafiya, fuska duk hayaƙi. Bugu da ƙari, sarki mai hankali ba ya son hakimansa su mallaki abin da zai iya kayar da barde daga nesa. Saboda haka a yawancin fadoji bayin sarki aka damƙa wa bindiga, su ke ajiye ta, su ke koya wa 'ya'yansu. Ilmin harbi ya zama kayan fada, kamar tambari.

Yaƙin da ya fi shahara a ƙasar Auyo shaida ne. A farkon shekarun 1850, bayan Sarkin Haɗeja Buhari ya bijire wa Sakkwato ya ƙwace gadon sarauta daga ɗan'uwansa Ahmadu, an haɗa masa runduna daga masarautu da dama. A Kafur aka gamu, garin da yanzu mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Auyo. Labarin da ake bayarwa na Gamon Kafur labarin shammata ne da saurin dawaki: Buhari ya ɓullo ta inda ba a zata ba, rundunar taron dangi ta watse. Ba a tuna ranar da ƙarar bindiga. Buhari ya ci gaba da zamansa a kan karaga har ya rasu a yaƙin Gogaram, ƙasar Bade, a 1863.

A arewa da mu kuwa, a daidai wannan lokaci, Sarkin Damagaram Tanimu ya ɗauki wata hanya. Ya yi ta sayen bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi da ƙera igwa a cikin Zinder, har ana ƙiyasta ya tara bindigogi kusan 6,000 da igwa 40. Daga gabas kuma Rabe ya shigo Barno a 1893 da mayaƙa masu tutoci da fareti irin na sojan Masar, ya rusa daular da ta shekara ɗaruruwa. Yawan mutanensa bai kai na Shehun Barno ba. Horo ne ya raba su. Sarakunan Hausa sun ga wannan, wasunsu sun shiga neman bindigogi da gaggawa, musamman Kano bayan yaƙin basasa, sai dai lokaci ya ƙure.

Shekarar 1890 ta ƙunshi abu biyu da ya kamata a ajiye su gefe da gefe. A birnin Brussels ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya kama daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, aka bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ce don a daƙile cinikin bayi ne. A wannan shekarar kuma ƙungiyar harbi ta Ingila ta mayar da gasarta ta shekara-shekara zuwa sabon fili a Bisley. An kafa ƙungiyar a 1859 saboda fargabar mamayar Faransa, da nufin koya wa 'yan sa-kai saiti, kuma Sarauniya Victoria ce ta yi harbin buɗe gasar farko a Wimbledon a 1860. Wato a can gasa ita ce makarantar da ake koya wa farar hula harbi, gwamnati na sa albarka. A nan kuwa ana rufe ƙofar makamin ne tun daga bakin teku.

Sakamakon ya bayyana cikin shekara goma sha shida. Rundunar da Lugga ya fara haɗawa a 1897, wadda ta gaji 'yan sandan Hausawa da Glover ya tara a Ikko tun 1863, yawancin sojojinta Hausawa ne da Yarabawa. A barikokin Lakwaja da Jaba aka koya musu abin da fada ba ta taɓa koya wa talaka ba: tsayuwa a sahu mai kusurwa huɗu, riƙe wuta har sai an ba da umarni, saiti a ƙirjin doki. A Kwatarkwashi, ƙarshen Fabrairun 1903, sojoji ƙasa da hamsin a ƙarƙashin Laftanar Wright suka tare hare-haren dawakin Kano, Waziri Ahmadu ya yi shahada a wurin.

Haɗeja ce ta zo a ƙarshe. Ranar 25 ga Afrilu, 1906, makonni kaɗan bayan an rusa Satiru, Kanar Lowry-Cole ya iso bakin ganuwa da ɗaruruwan sojoji, da igwa, da bindigar Maxim, wadda kakanninmu suka raɗa wa suna mai ruwa saboda ruwan da ke sanyaya bututunta. Tana iya fitar da harsashi wajen 500 a minti guda. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya. Barade suka yi ta kai sukuwa cikin wuta, faɗa ya koma lungu-lungu na tsawon sa'o'i, har aka kashe Sarki da 'ya'yansa da manyan fadawansa da dama. Shi ne Mai Shahada da ake ambato har gobe. Muna yawan ba da labarin a matsayin karon takobi da mai ruwa, kuma haka ne. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne yawancin yatsun da ke kan kunama a ranar na masu jin Hausa ne, waɗanda bambancinsu da mutanen cikin ganuwa 'yan watannin filin harbi ne kawai.

Daga nan koyon harbi ya tashi daga fada ya koma bariki, kuma bai sake fitowa ba. A 1924 aka buɗe makarantar horar da kuratan soja a Zariya, wadda ke aiki har yau. 'Yan bindigar sarki suka zama na ado: su ne ke tashin albarushi ba dalma a hawan Sallah, ƙasa ta girgiza, yara su toshe kunne. (Hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a ƙarshen 2024, shekara uku bayan wasan dawaki da bindiga na Maroko.) Dokar makamai ta 1959, wadda ita ce ƙashin bayan tsarinmu har yanzu, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta, har da masu aiki da iska, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗurin baki, wato su adaka da harba-ka-ruga, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Gasar da ɗan yayata ya gani ta tsiro ne daga salon harbi na gaggawa da aka kafa wa ƙungiyar duniya a Amurka a 1976, kuma tana buƙatar mutum ya mallaki abin da dokarmu ta haramta masa tun a sashen farko.

Makaranta ɗaya ce ta rage wa farar hula, ita ce ta maharba. Ba abin raini ba ce a ƙasar da ake cewa maharbi ne, Haɗe, da matarsa Jiya suka kafa babban birninta. Fadamun Haɗeja zuwa Nguru na karɓar agwagin ruwa da ke tasowa daga Turai kowane hunturu, kuma an daɗe ana farautarsu kafin a keɓe wurare irin Baturiya da Dagona. Na zauna da wani tsohon baushe a bayan garinmu. Yadda ya bayyana mini, yaro yakan daɗe yana ɗaukar jaka kafin ya taɓa bindiga. Zai koyi karanta iska da sawu, da awon albarushi, domin wanda ya cika ɗuri bututu ne zai fashe masa a hannu. Zai koyi cewa ba a tsallake kwari da bindiga a ɗane, ba a juya bakinta wajen abokin tafiya ko da an tabbata babu komai a ciki. Na yi mamakin yadda waɗannan suka yi daidai da ƙa'idojin da alƙalan gasar Amurka ke korar mutum daga fili idan ya karya ɗaya. Shi bai taɓa ganin bidiyon ba. Yatsunsa biyu na hagu sun tafi tun yana saurayi.

Wannan makaranta ce ake ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta a yau. Tun da tsaro ya taɓarɓare, maharba da 'yan banga ake kira. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, 'yan sanda suka ce ba su ba da lasisi. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta biyo da Askarawa a Janairun 2024. Muhawarar kullum a kan wa za a ba bindiga take tsayawa. Ban cika jin ana tambayar wa zai koyar ba, na tsawon wane lokaci, da wa zai gwada mutum kafin a sake shi cikin kasuwa da makami a kafaɗa. Kuma saboda babu wata takarda ta ƙasa da kowa ya yarda da ita wadda ke bambanta maharbi da ɗan ta'adda, adaka kanta ta zama abin tuhuma: a Maris ɗin 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Kano a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa gida yin Sallah, bayan an ga bindigoginsu a mota.

Na faɗa wa ɗan yayata abin da ke akwai. Nijeriya na da hukumar wasan harbi, ana kuma fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, kuma mafarin mai sha'awa shi ne bindigar iska a tazarar mita 10, wadda ake gasarta har a Olamfik. Filayen da ake da su galibi na soja ne da 'yan sanda, a manyan birane. Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko tsohon nan zai karɓe shi. Muka koma tare da yamma. Baushe ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi sunan mahaifinsa, ya ce ya dawo bayan an yanke shinkafa, kuma ya zo da takalmin da zai iya shiga ruwa da shi.