Wapa Kafin 'Yan Canji

Kwanan baya na tambayi ɗan ƙanwata ko ya san Wapa. Ya ce, "Kawu, ai wajen 'yan canji ne a Fagge." Sai jikina ya yi sanyi, domin a zamaninmu Wapa gidan silima ne.

Mai karatu, Kano ta daɗe da gidajen kallo. An buɗe Rex a 1937. A 1951 gobara ta tashi a El-Duniya, mutum sama da 300 suka halaka, mutanen gari suka ce fushin Allah ne. Duk da haka aka buɗe Palace a cikin birni, daga baya ga su Plaza, Orion da Eldorado.

Iyayenmu ba sa bambanta silima da mashaya, wanda duk aka gani a can sunansa ɗan iska. A ɓoye muke zuwa kallon Indiya, mu dawo mu sha bulala.

Da bidiyo ya shiga gidaje, Shari'a kuma ta zo a 2000, sai kasuwar ta mutu. Amma rawa da waƙar finafinan Hausa, a kan waɗancan bencina aka koyo su. Ya kamata yaranmu su san haka. Allah Ya jiƙan magabata.