Gidan fasto da ƙofar majami'a: Kirsimetin 2020 a ƙasar Maraɗi

Duk mai neman tarihin Kiristanci a jihar Maraɗi, ya kamata ya fara leƙa zauren gida kafin ya leƙa majami'a. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka kafa zango a Tsibiri, daga baya suka buɗe asibitin kutare a Danja, kan hanyar da ta nufi iyakar Najeriya. A ƙauyuka, masu bi na farko ba su da gini. A tsakar gidan malaminsu suke haɗuwa, su karanta Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassararsa cikin Hausa a 1932. Katolika kuwa sai a 2001 Maraɗi ta zama mazaunin bishof, aka naɗa Ambroise Ouédraogo.

Wannan asali ne ya sa faston ƙauye, a Gabi ko wani gari na gundumar Madarunfa, bai bambanta da maƙwabcinsa Musulmi a zaman yau da kullum ba. Manomi ne: da damina yana gona, da kaka yana ɗaure dammunan gero. Yakan tashi da asuba ya tara iyali a yi addu'a da karatu, sannan zaure ya cika da masu kawo ƙara, masu neman shawarar aure, da masu marar lafiya. Matarsa ce galibi ke riƙe da zumuntar mata, ita ke girka wa baƙi. Abin da yake samu daga ikilisiya kuwa baikon ranar Lahadi ne, wani lokaci hatsi a maimakon kuɗi.

Cikin wannan zama annobar korona ta same su. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki, makarantu da wuraren ibada. Rufe masallatai ya jawo tarzoma a Mirya, daga baya a Yamai. Kiristoci, da ba su wuce ɗaya cikin ɗari na ƴan ƙasa ba, suna tune da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015. Da an ga ƙofar majami'a buɗe alhali masallaci na rufe, da wutar da za ta tashi ba ta tsaya kan maganar cuta ba. Saboda haka Ista, ranar 12 ga Afrilu, a gidaje aka yi ta. Ibada ta koma inda ta fito, baiko kuma ya yanke, fasto ya dogara ga rumbunsa har aka sake buɗe wuraren ibada ranar 13 ga Mayu.

Jarrabawar da ta fi wuya ta zo ne da hunturu. A Disamba cutar ta sake tasowa, daidai lokacin da ƴan siyasa ke tara dubban jama'a domin zaɓen 27 ga wata, kwana biyu bayan Kirsimeti. A wannan karo ba a rufe majami'u ba. A watan Maris doka ce ta ɗauke wa shugaba nauyin yanke shawara. A Disamba nauyin ya dawo wuyansa da na dattawan ikilisiya.

Mai karatu ya auna abin da Kirsimeti take a nan. Ita ce ranar da ƴan cirani ke komowa, a ɗinka sababbin tufafi, a kwana ana waƙa, a aika wa maƙwabta Musulmi shinkafa da nama kamar yadda su ma suke aikowa da Sallah. Idan fasto ya soke taron, ya hana ƙaramar jama'a ranar da take ganin yawanta, ya kuma rasa baiko mafi tsoka na shekara. Idan ya bari a cunkushe cikin ɗaki, tsofaffin da suka gina ikilisiyar su ne farkon shiga haɗari. Hanyoyin da suka rage tsakanin biyun sanannu ne: raba sujada kashi-kashi, fita fili, ajiye buta da sabulu a ƙofa, sa takunkumi, barin musafaha, da kai wa tsofaffi addu'a har gida. Kowace daga cikinsu sai shugaba ya fara aikata ta a gidansa, domin idan zaurensa na cike da baƙi ana ci a kwano ɗaya, babu mai jin wa'azinsa a kan tazara.

Kakanninmu sun bar mana sunan marisuwa ta 1918, iyayenmu na ba da labarin sanƙarau na 1995. Ƙungiyoyin al'adu da malaman makaranta su je wurin fastoci, limamai da matansu, su rubuta yadda kowane gari ya yi ibadarsa a 2020 tun waɗanda suka yanke shawarar suna raye.