Benis: Daga Baƙon Mako Biyu Zuwa Baƙon Wuni Ɗaya

Ranar 28 ga Satumba, 1786, jirgin ruwan da ya biyo kogin Brenta daga Padua ya sauke wani Bajamushe a Benis. Shi kaɗai yake tafe, da sunan aro, don kada a gane shi. Marubucin nan ne Goethe, kuma bai bar garin ba sai 14 ga Oktoba.

Yadda ya yi da kwanakin nan abin a tsaya a duba ne. Ya kutsa lunguna ba ɗan jagora, ba ya tambayar kowa hanya, ya ɓace abinsa har ya gano mafita da kansa. Ya nemi taswira, ya hau hasumiyar San Marco ya ƙare wa garin kallo daga sama. Wata rana ya zauna a kotu yana sauraron lauyoyi, da dare ya tafi gidan wasan kwaikwayo. Ya haye tsibirin Lido, inda ya taka bakin teku da ƙafarsa. Hatta sharar da aka zubar a lungu sai da ta tsaya masa a rai. Mai sauri ba ya ganin irin wannan.

A zamanin, baƙo ba shi da zaɓi. Gari ne a kan tsibirai fiye da 100, da gadoji wajen 400, shigarsa sai ta ruwa. Wanda ya sha wahalar zuwa kuwa ba ya juyawa washegari. 'Ya'yan masu hannu da shuni na Ingila kan yi watanni suna zaga Italiya.

Gadar jirgin ƙasa ta 1846 ce ta fara sauya lissafin, ta mota ta biyo baya a 1933. Daga nan aka samu baƙon da zai iso da hantsi, ya bi ayari daga tasha zuwa gadar Rialto, ya tsaya a dandalin San Marco, kafin magariba ya kama gabansa. Wannan hasara ce babba, gare shi da garin duka. Ya sha cunkoso, ƙafa ta yi tsami, alhali unguwanni irin su Cannaregio da Castello, inda mata ke shanya a igiya tsakanin gidaje, suna nan kusa bai leƙa ba.

Mazauna tsohon garin sun kai wajen 175,000 a 1951. A 2022 sun gaza 50,000. A 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido ratsa mashigin Giudecca. A Afrilun 2024 kuma hukumar birnin ta fara karɓar Yuro 5 daga baƙin wuni ɗaya a ranakun cunkoso, tsakanin ƙarfe 8:30 na safe da 4 na yamma. Wanda ya kama ɗaki zai kwana a garin, an ɗauke masa wannan kuɗi.