Izinin gini da aikin famfo a garuruwan kewayen Abuja

Da yawa daga masu sayen fili a Kuje, Kwali ko ƙauyukan Bwari suna ɗauka cewa dokar gini ta tsaya ne a cikin birni. Ba haka abin yake ba. Dokar soja mai lamba 6 ta shekarar 1976 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan filayen Babban Birnin Tarayya, kuma Ministan Abuja ne ke da ikon rabawa. Don haka takardar cinikin da dagaci ya sa wa hannu ba ta zama shaidar mallaka, balle izinin gini.

Izinin yana fitowa ne daga Sashen Kula da Gine-gine na hukumar birnin. Mai gini zai gabatar da takardar fili, da zanen gida, da na ginshiƙai, da na wayar lantarki, da na bututun ruwa da magudanar bahaya, kowanne ɗauke da hatimin ƙwararre mai rajista.

Zanen famfo ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a nan haɗarin yake. Unguwannin tsakiyar birni suna haɗe da babban bututun ƙazanta da ke kaiwa matatar Wupa. A garuruwan gefe kuwa, galibi kowa da ramin masansa da rijiyar burtsatsensa a fili guda. Idan suka yi kusa da juna, ƙazanta na iya ratsawa cikin ruwan sha ta haddasa kwalara da taifot.

Ginin da aka tayar ba izini, jami'ai kan shafa masa jan fenti, su ba da wa'adi, sannan su rushe shi.