Linux: Manhajar da ke riƙe da manyan kwamfutoci da yadda ake kula da ita

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan asibitoci da ɗakunan shan magani a ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi na jihar Kano kan tattara alƙaluman yaran da aka yi wa rigakafi, da matan da suka je awon ciki, da kuma waɗanda aka samu da zazzaɓin cizon sauro.

Ana shigar da waɗannan alƙaluma ne cikin wata manhaja mai suna DHIS2, wadda ma'aikatar lafiya ta tarayyar Nijeriya ke amfani da ita. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar aikin manhajar, kuma masu ita sun ba da shawarar a ɗora ta a kan Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux.

Bayanan ba sa zama a kwamfutar jami'in da ya shigar da su. Sukan wuce ta intanet zuwa wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Idan ta tsaya, aikin jami'in da ke Gaya ya tsaya, ko da kuwa tasa kwamfutar lafiya lau take.

Mece ce Linux?

Linux babbar manhaja ce, wato irin wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kamar yadda Windows ke yi.

Wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ne ya soma rubuta ƙashin bayanta a shekarar 1991. An haɗa aikin nasa da na shirin GNU, wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983.

Abin da ya bambanta ta shi ne ba a ɓoye rubutun da aka gina ta da shi ba. Lasisinta ya ba kowa damar ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba, muddin shi ma zai bayyana gyaran da ya yi ga waɗanda ya ba.

Wannan ne ya sa ta kasu kashi-kashi. Akwai Debian da aka fara a 1993, da Ubuntu wadda attajirin Afrika ta Kudu Mark Shuttleworth ya fitar a 2004, da kuma Red Hat, wadda kamfanin IBM ya saya a 2019 a kan dala biliyan 34.

Tun daga watan Nuwamban 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Wayoyin Android ma a kan ƙashin bayanta aka gina su.

Mene ne aikin mai kula da saba?

Galibi saba ba ta da hotunan da ake latsawa. Mai kula da ita yakan rubuta mata umarni ne, sau da yawa daga nesa, ta wata hanya mai tsaro da ake kira SSH. Don haka mutum na iya zama a Kano ya gyara na'urar da ke Abuja ko Turai.

Aikinsa ya haɗa da buɗe wa ma'aikata asusu, da rufe na waɗanda suka bar aiki, da sabunta manhajoji, da kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam.

Akwai asusu guda mai suna root wanda ke da iko a kan komai. Umarni ɗaya da aka yi kuskurensa daga wannan asusu na iya share bayanan shekaru, shi ya sa ƙwararru ba sa amfani da shi sai ta kama dole.

Ta yaya ake gano matsala?

Abu na farko shi ne tabbatar da inda matsalar take. Sau da yawa idan aka ce saba ta faɗi, layin sadarwa ne ya yanke tsakanin ofishin da ke ƙauye da sabar. Umarnin ping kan nuna ko na'urar tana amsawa.

Idan tana amsawa amma aiki bai tafiya, sai a koma ga kundin da Linux ke rubuta duk abin da ya faru a cikinta, tare da lokacinsa. A yawancin nau'o'in yanzu, umarnin journalctl ne ke buɗe shi.

Daga nan sai a duba ma'ajiya da umarnin df. Cikar ma'ajiya na daga cikin abubuwan da suka fi tsayar da saba, domin rumbun bayanai ba ya karɓar sabon rubutu idan babu fili. Wani lokaci ma kundin da ba a rage shi ba ne ke cinye filin.

Umarnin top kuma kan nuna manhajar da ke cinye ƙarfin na'urar. Idan ƙwaƙwalwar wucin gadi ta ƙare, Linux da kanta kan kashe wata manhaja domin ta ceci sauran, ta kuma rubuta hakan a kundin.

Tambayar da ƙwararru kan fara yi ita ce, me aka sauya kafin matsalar ta faru? Sannan sukan gyara abu ɗaya a lokaci guda, suna rubutawa. Kashe na'ura a sake kunnawa kan dawo da aiki, amma ba ya kawar da musabbabin matsalar.

Wutar lantarki da zafi fa?

Ga ma'aikatu da makarantu da asibitocin da ke ajiye tasu sabar a arewacin Nijeriya, wannan ce babbar barazana.

Ɗaukewar wuta ba zato ba tsammani, a daidai lokacin da na'ura ke rubutu, na iya lalata tsarin fayiloli. Akwai umarnin fsck na gyara, sai dai ba kullum yake dawo da abin da ya ɓata ba.

A watan Oktoban 2024, Kano da wasu jihohin arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. A irin wannan yanayi, batir da sola da janareta ne kaɗai ke riƙe saba.

Haka nan zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a yankin Kano, da ƙurar hunturu da ke toshe fankokin na'ura, suna rage mata kwana.

Shin kyauta na nufin babu haɗari?

A'a. A shekarar 2014 an gano wata ɓaraka mai suna Heartbleed a manhajar tsaro ta OpenSSL, wadda ta jefa dubban shafukan intanet cikin haɗarin satar kalmomin sirri.

A watan Maris na 2024 kuma, wani injiniya mai suna Andres Freund ya bankaɗo wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa da gangan a manhajar xz, bayan ya lura cewa SSH na ɗan jinkiri. An toshe ta kafin ta bazu.

Kowane nau'i kuma yana da wa'adi. Ubuntu kan fitar da nau'i mai dogon zango duk bayan shekaru biyu, a watan Afrilu, tare da gyaran tsaro na shekaru biyar. An daina gyara CentOS 7 a ranar 30 ga watan Yunin 2024, kuma duk sabar da ta ci gaba da aiki da ita ba tare da wani tanadi ba tana cikin haɗari.

Ina kuɗin yake tafiya?

Ba a biyan kuɗin lasisi kafin a yi amfani da Debian ko Ubuntu. Kuɗin yana tafiya ne wajen wuta, da sanyaya ɗaki, da albashin wanda ya san aikin.

Jami'o'i kamar ta Bayero da ke Kano, da ta Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, maƙwabciyar Gaya, suna koyar da ilmin kwamfuta. Sai dai ma'aikatar da mutum ɗaya tak ya san kalmar sirrin sabarta, ba tare da rubutaccen bayani ba, za ta shiga tasku ranar da ya sauya aiki.

Haka ma kwafin bayanan da ba a taɓa gwada dawo da shi ba. Ranar da ma'ajiya ta mutu ce ake sanin ko yana da amfani.